Ta'aziyyar Bangaskiyar Kirista a Lokacin Tsanani: Nazari a Kan Ikilisiyoyin Gusau, Tsafe da Bungudu

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda Kiristocin Gusau, Tsafe da Bungudu a Jihar Zamfara ke samun ta'aziyya cikin bangaskiyarsu a shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin. Ta bi tarihin kafuwar ikilisiyoyin a taƙaice, ta bayyana irin tsananin da ake ciki, sannan ta auna abin da ake wa'azinsa da abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar. Matsayin maƙalar shi ne, ta'aziyyar da ke riƙe mutum a irin wannan hali ita ce wadda ba ta yi masa ƙarya: tana barinsa ya yi kuka, tana nuna masa Allah da ya shiga wahala da kansa, kuma tana isowa gare shi ta hannun jama'a.

Gabatarwa

Shugaban wannan zama, iyayenmu limamai da fastoci, malamai abokan aiki, ina gaishe ku da fatan kun zo lafiya. A ƙasarmu ta yau wannan gaisuwa ta wuce al'ada, domin duk wanda ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san addu'ar da ake yi a cikin mota tun daga 'Yankara har a shiga Tsafe.

Tambayar da na zo da ita gajeriya ce. Matar da aka kwashe mijinta daga gona, aka sayar da buhunan da suka rage da akuyoyi don a haɗa kuɗin fansa, idan ta shiga majami'a ranar Lahadi me take samu a can? Masu nazarin tsaro sun yi rubutu mai yawa a kan Zamfara, haka masu nazarin siyasa da tattalin arziki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne nazarin abin da ke gudana a zukatan waɗanda abin ya faɗa wa, musamman tsirarun Kiristoci da mutanen nesa ke zaton ma babu su a jihar. Na dogara ga abubuwa uku: tarihin da aka sani, nassin Littafi Mai Tsarki, da abin da duk mai halartar sujada da zaman makoki a garuruwan nan yake gani yana ji.

Su wane ne Kiristocin yankin

Gusau gari ne da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a farkon ƙarni na 19, bayan jihadi ya ci 'Yandoto, tsohuwar cibiyar ilimi da ke cikin ƙasar Tsafe ta yau. Layin dogo ne ya sauya fuskarsa. Da aka ja shi daga Zariya ta Funtuwa ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, sai cinikin auduga da gyaɗa ya jawo akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kudu. Su suka cika Sabon Gari, su suka kafa majami'un farko.

Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana mishan wa'azi a cikin masarautun Musulmi. Ƙofar da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1930 ta jinyar kutare ce, inda mishan ta SIM ta karɓi aiki a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da 'Yadakunya a Kano. Daga aikin SIM ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ta ɓangaren Katolika kuwa, limaman Dominikan daga Amurka ne suka karɓi yankin Sakkwato a 1953, suka mai da Gusau mazauninsu, inda cocin Our Lady of Fatima take. Sistoci Dominikan daga Kansas suka biyo su a 1956 da aikin jinya da makaranta, kuma daga cikinsu aka sami ƙungiyar sistoci 'yan ƙasa da har yau ke ɗauke da sunan Gusau. Angalika ma tana da dayosis nata a garin.

Ya kamata a lura da wannan asali. Bangaskiyar Kirista ta shigo wannan yanki ne ta hannun baƙon da ya bar gida neman abinci da kuma ta ɗakin majinyata. Ba ta taɓa zama addinin masu mulki a nan ba. Saboda haka tambayar wahala a tushenta take tun ranar farko.

Yau jama'ar iri-iri ce. Akwai Ibo da Yarbawa 'yan kasuwa waɗanda wasunsu a Gusau aka haifi iyayensu. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan sanda da sojoji daga kudancin Kaduna, Filato, Binuwai da ƙasar Zuru. Akwai ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima. Sannan akwai waɗanda aka fi mantawa da su, wato Hausawa Kiristoci 'yan asalin ƙasa, waɗanda da yawansu jikokin Maguzawa ne, manoma, masu sujada da Hausa da Littafin Waƙoƙi a hannu. Ɗan kasuwa idan abin ya yi ƙamari yana da garin da zai koma. Bahaushe Kirista na ƙauye ba shi da inda ya fi nan. Majami'un Gusau manya ne masu kuɗin shiga, na Tsafe da Bungudu ƙanana ne, wasunsu mai bishara guda ke riƙe da su da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata.

Irin tsananin

Ba zan daɗe a nan ba, kowa ya sani. Satar shanu da rikicin 'yan sa-kai da makiyaya sun rikiɗe sun zama kashe-kashen gari guda. A 2013 an kashe mutum fiye da arba'in a Kizara ta ƙasar Tsafe, a 2014 fiye da ɗari a 'Yar Galadima ta ƙasar Maru. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Satumbar shekarar aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar, kuma a watan ne aka sace Sarkin Bungudu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya shafe fiye da wata a hannunsu. A Yulin 2022 masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa jagoran 'yan bindiga Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani da sunan neman sulhu, abin da ya jawo aka dakatar da sarkin. A Agustan 2023 aka tare matasa takwas 'yan Akwa Ibom da ke kan hanyar zuwa sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Sakkwato, na ƙarshensu bai dawo ba sai bayan shekara. Ranar 22 ga Satumba 2023 aka shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida ta ƙasar Bungudu, aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata. A kan wannan duka ga harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa manomi kafin ya shuka da kafin ya girbe, ga tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023.

Kirista na ɗauke da wannan kaya tare da kowa, sannan yana da ƙarin nasa. Tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar a Janairun 2000, shugabannin ikilisiya ke koken wahalar samun filin gina majami'a da rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati. A Nuwambar 2021 'yan sanda suka tabbatar da wata wasiƙar barazana da ke cewa a rufe majami'u ko a kai musu hari. Mutum ya tashi ran Lahadi ya shirya 'ya'yansa alhali ya san da wannan wasiƙa, wannan kaɗai abin nazari ne.

Ayuba da izinin yin kuka

Idan aka karanta babin farko na Littafin Ayuba a majami'ar da ke Tsafe, ba a buƙatar dogon sharhi. Mahara sun faɗa wa shanu suna huɗa da jakuna suna kiwo, sun kashe masu tsaronsu, sun kora dabbobin. Wani gungun ya rabu kashi uku ya kwashe raƙuma. Kowane karo mutum ɗaya ne ke tsira ya kawo labari, kuma kafin ya rufe baki wani ya iso. Ɗalibin tauhidi a Turai yana karanta wannan a matsayin tsohon labari. Manomin Ɗanjibga ko na Nahuce ya san mai kawo labarin, ya san yadda numfashinsa ke fita.

Matsalarmu ita ce yawancin wa'azin da ake yi a kan Ayuba yana tsallakewa daga babi na 2 ya dira a babi na 42. A ce ya yi haƙuri, a ce Allah ya mayar masa ninki biyu, a rufe da waƙa. Babi kusan arba'in da ke tsakani, inda mutumin ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi ya gurfana da Allah a gaban shari'a, ya ƙi yarda cewa laifinsa ne ya jawo masa, duk an bar su a rufe. Alhali a ƙarshen littafin Allah ya yi fushi ne da abokan nan uku, Elifaz da Bildad da Zofar, waɗanda suka yi ta kare shi da hujjoji masu tsari, ya kuma shaidi Ayuba mai ƙorafi da cewa shi ya faɗi daidai. A ganina wannan ita ce ta'aziyya ta farko da nassi ke miƙa wa mutumin Zamfara: an yarda ya gaya wa Allah cewa abin ya yi masa zafi, kuma faɗin haka ba ridda ba ne.

Ayuba ba shi kaɗai ba ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 kuka ne da ƙorafi. Ta 88 ma ba ta juyo ga yabo ba ko kaɗan, a cikin duhu ta tsaya, kuma aka bar ta haka a cikin littafin sujada. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Annabi Habakuk ya buɗe da tuhumar Allah kan dalilin da ya sa yake kallon ta'addanci da shari'ar da aka murɗe bai motsa ba, ya kuma rufe da zayyana gonar da ba ta yi ba da garken da aka wayi gari babu kowa a ciki, sannan ya ce duk da haka ya riƙe Allah. Amincewarsa tana da nauyi ne saboda bai ɓoye asarar ba. Ya ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya tukuna.

A nan al'adarmu ke taimako, a nan kuma take kawo cikas. Bahaushe, Musulmi ko Kirista, ya iya zaman makoki. Ya san a shimfiɗa tabarma, a zo a zauna, a ce sannu da haƙuri, Allah ya ba da dangana, a yi shiru. Abokan Ayuba sun yi haka kwana bakwai, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi kafin su buɗe baki su ɓata. Amma al'adar nan ta kuma koya mana cewa haƙuri maganin zaman duniya, ta koya wa namiji kunyar hawaye, ta koya wa mace haɗiye magana. Sai ka ga an ce wa gwauruwa ta daina kuka domin mijinta yana wurin Ubangiji, kamar kukanta shaidar rashin bangaskiya ne. Yesu da ya san zai ta da Li'azaru cikin sa'ar nan, sai da ya zub da hawaye a bakin kabari tare da 'yan'uwan mamacin. Wanda ya hana mai makoki kuka ya fi Ubangijinsa tsanani.

Ina ganin akwai gyara a waƙoƙinmu ma. Mawaƙan Sabon Rai da na Zumuntar Mata suna da baiwar tsara waƙa da kansu a kan abin da ya faru jiya, da ganga da tulu da kacau-kacau. Amma kusan duka waƙoƙin nasara ne da godiya. Jama'ar da ta binne mutum biyar a mako ɗaya tana buƙatar waƙar da za ta ɗauki baƙin cikinta ta kai gaban Allah yadda yake. Kayan aikin suna nan cikin Zabura, masu muryar suna nan. Izini daga bagade ne babu.

Allah da ya shiga ciki

Abin da ya bambanta ta'aziyyar Kirista shi ne gicciye. Bangaskiyar ta ce Allah bai tsaya daga nesa yana ba da umarnin haƙuri ba. Ya zama mutum, an kama shi da dare a wani lambu ta hannun wanda ya san inda yake kwana, an ɗaure shi, an doke shi, mai mulki ya san ba shi da laifi amma ya miƙa shi don gudun tarzoma. A kan itacen ya yi addu'a da farkon Zabura ta 22, wadda kukan wanda aka yashe ce. Wanda ya kwana a ɗaure a dajin Munhaye, wanda ya san wani na kusa ne ya ba da labarinsa, ba sai an yi masa bayanin wannan ba.

Masana tauhidin Jamus sun kai ga wannan ta hanyar yaƙi. Dietrich Bonhoeffer ya yi tunaninsa a kurkukun 'yan Nazi kafin a rataye shi a Afrilun 1945, Jürgen Moltmann kuma, wanda ya yi zaman fursunan yaƙi, ya gina littafinsa na 1972 a kan Allah da aka gicciye. Abin da suka isa gare shi da alƙalami, tsohuwar da ke Bungudu ta isa gare shi da kalma uku: Allah yana nan. Ba ta ce ya hana ba, ba ta ce ta gane dalili ba. Ta ce yana nan.

Sai tashin matattu, wanda ba don shi ba gicciye zai zama ƙarin labarin zalunci kawai. A bakin kabari jama'armu kan ce sai mun sadu a ƙafafun Yesu. Wasu masu nazari na ɗaukar irin wannan magana a matsayin maganin barci da ake ba talaka don kada ya nemi haƙƙinsa. Ban yarda ba. Mai bindiga ba shi da wani iko da ya wuce na kisa, kuma mutumin da ya gaskata cewa kisa ba shi ne ƙarshen magana ba ya karɓe wani abu daga hannunsa. Michael Nnadi, ɗalibin limanci na Dayosis ɗin Sakkwato mai shekara 18, an sace shi daga makarantar limamai a Kaduna a Janairun 2020 aka kashe shi. Jana'izarsa ba ta sa mutane yin shiru ba. A can ne Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi wa gwamnati ɗaya daga cikin maganganu mafi zafi da aka ji daga bagade a shekarun nan.

Hannun da ke kawo ta

Manzo Bulus, a farkon wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, ya nuna cewa ta'aziyyar da mutum ya samu daga Allah amana ce da zai miƙa wa na gaba. A cikin wasiƙar dai ya ba da babi biyu ga maganar tara gudummawa don matalautan Urushalima, yana yaba wa mutanen Makidoniya da suka bayar alhali su ma ba su da shi. Wato a wurinsa ta'aziyya da kwanon hatsi tafiyarsu ɗaya.

A yankinmu masu ɗauke da wannan aiki mata ne. Zumuntar Mata ita ce ke fara isa gidan da aka yi rashi, ita ke ɗora tukunya, ita ke kwana da gwauruwa, ita ke sanin yaron da aka koro daga makaranta saboda kuɗi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a wannan rikici mata ne suka fi shan abin da ba ya faɗuwa. Lokacin da aka rufe layukan waya a 2021, mutum bai iya jin ko ɗan'uwansa na raye a ƙauye ba, taron Lahadi ya koma wurin da ake ƙirga kawuna, a ji wa ya zo, wa ba a gani ba, wa zai bi sawu. Iyalan da suka gudo daga ƙauyuka zuwa Gusau da yawa ba su shiga wani sansani ba, ɗakunan 'yan'uwa cikin ikilisiya ne suka haɗiye su.

Wuri mafi wuya shi ne kuɗin fansa. Kowa ya san kuɗin da aka kai daji harsashi ne da babur na gobe. A 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran dokar da ke hukunta mai biya. Amma dattijon ikilisiyar da aka kira shi a waya ya ji muryar ɗan Zumuntar Matasa ana dukansa, me zai ce wa uwar yaron? Bishop Kukah da kansa ya taɓa faɗa a bainar jama'a cewa dayosis ɗinsa ya kashe miliyoyin naira wajen karɓo ma'aikatansa. Tambayar tsohuwa ce a tarihin ikilisiya. Wajen shekara ta 253 Bishop Kifriyanus na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya tara kuɗi mai yawa ya aika don a fanso Kiristocin Numidiya da mahara suka kwashe. Bayan fiye da ƙarni ɗaya Ambros na Milan ya narkar da kayan zinariyar majami'a don fansar kamammu, aka zarge shi, bai janye ba. Ba na kawo su don in ce biya daidai ne a kowane hali. Ina cewa ne ikilisiyar da ta zagaya da kwano a ɓoye tana jin kamar ta yi sata ta sani cewa magabatanta sun tsaya a wannan mararraba, kuma alhakin yana wuyan hukumar da ta kasa tsare hanya kafin ya kai ga uwar da ta sayar da keken ɗinkinta.

Ta'aziyyar jabu

Inda wahala ta yi yawa, masu sayar da bege ba sa rasa kasuwa. Akwai wa'azin da ke cewa ka shuka iri na kuɗi, ka shafa mai a ƙofar gida, harsashi ba zai same ka ba. Ranar da aka sace wanda ya shuka irin, sai a ce bangaskiyarsa ce ta gaza, ko akwai zunubin da ya ɓoye, ko la'anar kakanni ce. An haɗa masa asara da tuhuma. Wannan tauhidin Elifaz ne aka sake masa riga, kuma Yesu ya rushe shi sau biyu: a kan mutumin da aka haifa makaho, da kuma a kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, inda ya ce ba su fi sauran mutanen gari laifi ba.

Irmiya ya yi fama da irin wannan. Wani annabi mai suna Hananiya ya yi wa mutane albishir cewa cikin shekara biyu bautar Babila za ta ƙare. Irmiya ya aika wa kamammu wasiƙa ya ce shekara saba'in ne, ku gina gidaje, ku shuka gonaki, ku aurar da 'ya'yanku. Saƙon Hananiya ya fi daɗin ji, na Irmiya ne ya raya jama'a. Mun shafe fiye da shekara goma a wannan hali a Zamfara. An yi sulhu ya rushe, an hana haƙar zinariya a 2019, an rufe kasuwanni, an kafa rundunar tsaro ta Askarawan Zamfara a 2024. Faston da ke shelanta wa jama'arsa a daren kowace sabuwar shekara cewa bana ce ƙarshen abin, yana ci ne daga amanar da zai buƙata gobe. Gara ya shirya su ga doguwar tafiya.

Maƙwabci

Akwai wata ta'aziyyar jabun da ta fi waccan laushi, wato mutum ya ji daɗin cewa shi kaɗai ake zalunta. Koken Kiristocin Zamfara game da filin majami'a da makaranta da guraben aiki gaskiya ne, bai kamata a rufe shi don a faranta wa kowa ba. Amma gaskiya ce kuma cewa mafi yawan waɗanda 'yan bindiga suka kashe ko suka sace a Gusau, Tsafe da Bungudu Musulmi ne, an kwashe wasu ma daga cikin sahun salla. Muhawarar da ake yi har a Amurka kan ko ana yi wa Kiristocin Najeriya kisan ƙare-dangi tana da wuraren da hujjarta ke da ƙarfi. Idan aka ɗauko ta aka kifa a kan Zamfara yadda take, za a shafe gawar maƙwabcin da muka yi wa gaisuwa jiya. A daji, igiya ɗaya ake ɗaure Kirista da Musulmi.

A cikin wasiƙar nan ta Irmiya an umarci kamammu su nemi zaman lafiyar garin da suke, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu na cikin tasa. Kiristan Tsafe da ke zuwa gaisuwar mutuwa gidan limamin unguwa, ko sistar da ke duba yaron ɗan gudun hijira ba ta tambayi sunansa ba, suna aikata wannan nassi. Na kuma lura cewa mutumin da ya fita daga nasa baƙin cikin ya je ya zauna a tabarmar wani, yakan dawo da sauƙi a ransa. Maganar gafarta wa mai bindiga kuwa, ina roƙon kada a yi gaggawar ɗora ta a kan wanda rauninsa bai kame ba. Umarni ne na Ubangiji, ba mai musu. Amma gafara ba ta soke shari'a, kuma wanda ke zaune a Abuja ba shi ne zai sa wa matar Kizara ranar da za ta yafe ba.

Bayan an dawo

Yawanci ranar da kamamme ya dawo ake yin sujadar godiya, a yi rawa, a ba da baiko, a watse. Daga ranar ce kuma wahalarsa ta biyu ke farawa. Ba ya barci, ƙarar babur na sa shi ɓuya, bashin fansarsa na kan 'yan'uwa, yana ganin hakan a idonsu. Fada Stephen Ojapah, wanda aka sace tare da wani limami daga Gidan Maikambo a Ƙaramar Hukumar Kafur ta Katsina a Mayun 2022 ya yi fiye da wata a daji, da ya fito ya mai da hankalinsa ga taimakon waɗanda irin wannan rauni ya kama. Ikilisiyar EYN a arewa maso gabas, bayan abin da Boko Haram ta yi mata, ta koyi shirya zaman warkar da raunin zuciya ƙauye-ƙauye. Makarantun Littafi Mai Tsarki da ke horar da masu bisharar da ake turowa Zamfara ya kamata su sa wannan a manhaja, tare da koya musu gane lokacin da mutum ke buƙatar likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau bayan addu'ar da aka yi masa.

Mafi nauyi shi ne batun matar da ta dawo da ciki. A nan ne ikilisiya ke nuna ko ta gaskata abin da take wa'azi. Idan aka hana ta Jibin Ubangiji, ko aka bar miji ya kore ta dattawa suna kallo, ko aka riƙa nuna yaron da baki, to mun gama wa 'yan bindiga aikin da suka fara. Wannan yana buƙatar matsaya a rubuce daga manyan majalisun ikilisiyoyi, domin kada a bar mai bishara shi kaɗai da hukuncin da ya fi ƙarfinsa.

Shi kansa mai bisharar yana buƙatar mai duba shi. Shi ke binne matattu, shi ake kira idan za a yi cinikin fansa, wani lokaci shi ke ɗaukar kuɗin ya kai bakin daji, kuma matarsa da 'ya'yansa na kwana a gidan da kowa ya san na fasto ne. Ina roƙon shugabannin gundumomi da dayosis-dayosis da ke wannan zaure su ɗauki albashin ma'aikatan Tsafe da Bungudu da ƙauyukansu a kan asusun tsakiya maimakon baikon jama'ar da ta rasa gonakinta, su ba su hutu na ƙa'ida a wurin da za su yi barci, su kuma riƙa zuwa da ƙafarsu suna kwana a can.